Ɗoɗɗoyar Siyam a Kan Soron Jarwal

Jiya na ga Nawal ta buɗe firji ta zaro wata leda, ta leƙa ciki, ta yatsine fuska, ta jefa a kwandon shara. Na ce ta ɗauko mini in gani. Ɗoɗɗoya ce, wadda ku kuke ce wa raihan, irin ta mutanen Siyam mai jan kara. Shekaranjiya aka sayo ta, amma ta yi baƙi ta yi yauƙi kamar an tauna an tofar. Da na tambayi wanda ya sa ta a sanyi, sai yarinyar nan ta ɗaga kafaɗa ta ce mini da Larabcinta, da sunan nan da kuke kiran kaka da shi, "Ya Sitti, ganye ne fa kawai." Sauranku kuka kwashe da dariya. To ku zauna, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Ganyen nan da kuke rainawa shi ya ciyar da ubanku har ya yi gemu. Shekara ashirin na yi ina aikinsa a garin nan, lokacin da babu firji, babu famfo, ruwan sha ma a kafaɗar mutum yake zuwa.

Mun iso Makka ni da kakanku bayan shekara shida a hanya. A Sudan muka fi daɗewa, muna tsinkar auduga muna tara na jirgin ruwa, a can kuma na haifi ubanku. Da muka sauke farali ba mu da abin komawa, sai muka kafa bukka a unguwar Jarwal cikin 'yan'uwa Hausawa. Kakanku ya shiga ga-ruwa: garwa biyu a rataye a sanda, daga wurin ɗibar ruwan unguwa zuwa gidajen mutane. Cikin gidajen da yake kai wa har da wani tsohon bene mai hawa uku, wata tsohuwa na zaune a ɗakin can sama, tana da shuke-shuke a kan soro. Namiji ba ya hawa sama a gidan da mata suke, tsohuwar kuma gwiwa ta hana ta ɗaukar kaya. Shi ne kakanku ya ce in riƙa binsa, yana saukewa a bakin ƙofa, ni ina ƙarasawa. Haka na shiga sana'ar, ta matakala, da garwa a ka.

Sunanta Sitti Halima. Mutuniyar Fatani ce ta ƙasar Siyam, amma a Makka duk wanda ya fito daga wancan gefen Jawa ake ce masa. Guntuwa ce, ba ta kai kafaɗata ba, ga faɗa kamar me. Ta zo hajji da mijinta tun ina cikin zanin goyo, ya rasu a Mina, ita kuma ta ce ba ta barin ƙasar da aka binne shi. Cikin abin da ta zo da shi daga gida abu ɗaya ya rage mata: irin ɗoɗɗoyar tsakar gidan mahaifiyarta, wanda ta ƙullo a bakin mayafi. Ranar da na fara hawa soron na tarar da garewani kusan talatin a jere a inuwar katanga, kowace da shukarta. Karan ja ne mai duhu kamar na yakuwa, ganyen siriri mai tsini. Ƙamshin ba irin na tamu ba ne, akwai kanumfari a ciki da wani zaƙi-zaƙi mai tsayawa a maƙogwaro. Mutanen ƙasarta ba sa jin sun ci abinci in babu shi, kuma duk faɗin Makka a wurinta ake samun mai kyau.

Wata huɗu na yi ina hawa da ruwa kafin ta bari in taɓa ganye ɗaya. Ranar da ta yarda, bayan sallar asuba ne, ta nuna mini shuka ta yi alamar in cira. Ni kuwa na zaro 'yar wuƙata ta yankan kuɓewa. Ban ankara ba na ji ta doke mini hannu. Larabcinta gurgu ne, nawa ko rarrafe bai fara ba, don haka yawancin karatuna a bayan hannu na ɗauke shi. Ta kama reshe, ta sa farcen babban yatsa a saman gaɓa, daidai inda 'yan ganye biyu ke leƙowa, ta tsinke ɗas. Ƙarfe yana baƙanta bakin karan, farce ba ya yi. A saman gaɓa kuma ake tsinkewa don waɗancan 'yan biyun su zama rassa, bayan mako biyu ka dawo ka sami biyu a inda ka cire ɗaya. Ku dubi farcen nan nawa na dama, har yau ba na yanke shi ƙasa-ƙasa.

Tsinka kowa zai koya a mako guda. Abin da ya ci mini shekaru shi ne ajiya. Idan na sauko da rassan a faifai, a shimfiɗe ɗaiɗai ba a jibge ba, sai in zauna in tsige ganyen ƙasa, duk wanda zai iya taɓa ruwa. Sannan a ɗauko sharba, ɗan tulun yumɓun nan mai dogon wuya da mutanen garin ke sanyaya ruwan sha a ciki. Sitti masu karyayyen wuya take nema, sun fi faɗin baki, mai tukwane ma murna yake a raba shi da su. A zuba ruwa yatsa biyu, kada ya wuce, a tsayar da rassa kamar goma, ba cusawa, ba ɗauri. Ƙafa a ruwa, kai a bushe. Ɗigo ɗaya ya kwana a kan ganye, da safe za ka ga baƙin tabo a wurin. Sai a kafa tsinken dabino huɗu a bakin sharbar, a lulluɓa farin ƙyalle shara-shara wanda aka jiƙa aka matse sosai, ya rufe amma kada ya taɓa ganyen. Daga nan a kai roshan, tagar nan ta katako mai huji-huji, inda iska ke ratsawa rana ba ta kai. Ruwan a sauya safe da yamma, a goge cikin sharbar da yatsa don kada ya yi santsi. Ƙyallen kuwa da zafi sau biyar ake jiƙa shi, ni da salla nake haɗawa don kada in manta. Wanda aka yi wa haka yakan kwana takwas, har tara, yana tsaye kamar yanzu aka tsinko. Wanda aka bari a faifai kafin azahar ya sunkuya.

Na taɓa ajiye sharba kusa da nunanniyar ayaba, kwana ɗaya ganyen ya zube. Na kuma taɓa kawo shawarar mu shanya shi kamar yadda muke shanya lalo da rama a gida. Sitti ta bar ni na shanya, ya bushe, ta murza ta kai mini hanci. Ciyawa ce kawai, ƙamshin ya gudu. Sai ta share hannunta a zanina.

Babban mai sayenmu Ammi Dawud ne, kuku a gidan wani mai masaukin alhazan Siyam, shi ma mutumin Fatani. Ba ya duba ganye, runtse ido yake ya kai hanci. Wata rana na kai masa, ya shaƙa ya ce, "Hajja Rabi, wannan da hantsi aka tsinke shi."

Na ce, "Haba Ammi, da asuba ne."

Ya ce, "To asubarku ta makara yau."

Gaskiyarsa ce, na makara, rana ta riga ta taɓa garewanin. Ya karɓa dai, amma sai da ya bi ni da tsiya har ƙarshen wata.

Aikin da ya fi kowane wuya shi ne na Arfa. Sharba ba ta tafiya, ruwan zai yi ta tsalle yana jiƙa ganye. Sai mu cika kwando da jiƙaƙƙen yashi, mu soka rassan a ciki, mu yi masa rumfar tsinke da ƙyalle, in ɗora a ka in bi ayarin raƙuma, da salkar ruwa a kafaɗa ta jiƙa ƙyalle, ba ta sha ba. Wata shekara a tantin su Ammi Dawud akwai wani dattijo da tun saukarsa daga jirgi a Jidda abinci ba ya zama a cikinsa. Ya rame, 'ya'yansa sun cire rai zai kai faɗuwar rana. Ammi Dawud ya dafa farar shinkafa ruwa-ruwa, sai da ya sauke sannan ya yayyaga ganye biyar da hannu ya watsa a kai, don ba a dafa shi, tururi kaɗai ya ishe shi. Dattijon ya riƙe kwanon ya daɗe yana shaƙa, sannan ya sha, ya miƙo a ƙara. Ya yi tsayuwarsa a kan ƙafafunsa. Ranar na daina ganin kaina a matsayin mai tallan ganye.

Abu ɗaya ne ba mu shiri a kai ni da Sitti. Duk matar da ta ce tana so, sai ta ba ta reshe kyauta, har ta nuna mata yadda ake kafa shi. Ba wata dabara ba ce daban: reshen da aka ajiye a sharba, in aka yi haƙuri aka ci gaba da sauya ruwa, wajen kwana goma zai fitar da fararen saiwoyi, sai a dasa. Na ce mata, "Sitti, kina rabar da kasuwarmu."

Ta ce, "Bari su ɗauka. Ran da nawa ya mutu, ina da ƙofar da zan buga."

A raina na ce tsufa ne. Ni lokacin kaina kawai nake gani da wayo.

Sai yaƙin Turawa ya ɓarke, jiragen ruwa suka daina zuwa daga gabas. Hajji ya zo ya wuce, gidajen alhazan Jawa a rufe. Mazauna ma da yawa aka kwashe su aka mayar ƙasashensu, saboda yunwa. Hatsi ya yi wuya. A shekara ta biyu kakanku ya kwanta zazzaɓi, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Sitti ta ce mu tattaro mu dawo ɗakinta, muka dawo. Babu mai kawo ruwa kuma, ni ce daga wurin ɗiba har soro. Ruwan alwala, ruwan wankin kwano in babu sabulu, duk a kasko muke tarawa mu kai wa shuka. Duk da haka garewani suka ragu daga talatin zuwa goma sha biyu.

A nan ne na yi ɓarnata ta farko. Kafin yaƙin wata 'yar garinmu ta zo hajji da irin ɗoɗɗoyarmu ta gida cikin ƙullin magani, ta ɗiba mini. Bayan rasuwar kakanku kewar gida ta dame ni, na shuka a wani gwangwani na ɓoye bayan randa a kan soron, don in riƙa murza ganyen ina jin ƙamshin bayan ɗakin mahaifiyata. Sitti ta daina hawa soro a lokacin, ba ta gani ba. Ita kuma al'adarta duk shekara takan ware shuka uku ta bar su su yi fure don iri, sauran ana tsinke furen da zarar ya leƙo. Tawa ta yi fure, nata suka yi fure, ƙudan zuma na ta kai da kawowa, ni ko a jikina. Na tara iri na ƙulla kamar kullum.

Da sanyi ya shigo na shuka, ya fito. Karan kore, ganyen mai faɗi. Na tsinko ɗaya na kai mata, ta murza ta shaƙa. Sai ta tashi ta kama matakala da hannu da gwiwa, ta hau. Ba ta daɗe tana dubawa ba ta gano gwangwanina. Na tsaya ina jiran duka, da ta doke ni ma da ya fi mini sauƙi. Ta zauna a ƙasa tana haki ta ce, "Ƙudan zuma ya tashi daga taki ya sauka a tawa, Rabi. Ya haɗa su. Wannan ba na uwata ba ne, ba kuma naki ba." Irin Siyam ba ya shekara biyu a zafin garin nan, na bara kaɗai ke gare mu, shi ne kuma ya gurɓace. Muka tuge sabbin duka, ƙullin irin ta jefa a murhu, gwangwanina na sauko da shi da kaina. Tsofaffin shuka tara suka rage masu asali. Ta ce ba komai, za mu bar su su sake fure.

Ba su kai ga furen ba. Wata rana da hantsi ina ƙasa a layin rabon hatsi sai gari ya yi duhu, mutane suka fara ihu da Larabci, fara, fara. Kowa ya watse da buhu da zani, ana murna, don ranar gidaje da yawa za su ci nama. Ni na yar da ƙwaryata na ruga. Hawa uku na yi ban san na yi ba. Na tarar da garewanin sun zama tulin fara masu motsi. Na kwance mayafi ina duka, ina kora wasu na sauka. Kafin azahar babu ganye, babu ɓawon kara, sai fararen tsinke tara a tsaye. Mun yi ta ba su ruwa, ba su farfaɗo ba. Na zaga gidajen da Sitti ta taɓa ba reshe. Wasu sun tafi da jirgi, waɗanda suka rage kuma farar ba ta tsallake soronsu ba.

Abin da ya tsira reshe bakwai ne. Da asubar ranar na tsinko su don Ammi Dawud, ya aiko cewa in bari, ba shi da shinkafar da zai sa su a kai. Suna cikin sharba a roshan, ƙyalle a lulluɓe, farar ba ta gan su ba. Duk ɗoɗɗoyar mahaifiyar Sitti Halima da ta rage a ƙasar Larabawa ke nan, a ruwa yatsa biyu.

Ba rassan dashe ba ne, na ci ne, daga tsofaffin shuka masu taurin kara, irin waɗanda ba sa saurin fitar da saiwa. Ga shi zafi ya shigo. Na rage musu ganye, na bar wa kowane huɗu a sama don ya rayu da su. Waɗanda na tsige na watsa wa Sitti a kan ɗan kunun shinkafa, ta sha har da suɗe cokali. Ruwa na koma sauya shi sau uku a rana. A kwana na huɗu biyu suka yi laushi a gindi, na cire su da sauri kada su ɓata sauran. Na shida ɗaya ya bi su, na takwas wani. Saura uku.

Tun ranar da ta hau soron nan Sitti ba ta ƙara lafiya ba, bayan farar kuma ta kwanta gaba ɗaya. Abinci ya ƙi shiga. In na kai mata cokali sai ta kawar da kai. Ni kuwa na ga abin da ganye biyar ya yi wa dattijon Arfa da idona, ga maganin a taga, taku uku daga shimfiɗarta. A kwana na goma sha ɗaya na kasa daurewa, na durƙusa kusa da ita na ce, "Sitti, ganye huɗu kawai. In watsa miki a kunu."

Ta ce, "Nawa suka rage?"

"Reshe uku."

"Sun yi saiwa?"

"Tukuna."

"In kika tsige huɗu kin kashe ɗaya. Kin san wanda zai kama a cikinsu?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "To ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Ni na ci rabona. Jirage za su dawo, 'yata, mutanenmu za su sauka da ciki a juye su tambaya. Ki bar wa masu zuwa."

Ta ce dai in matso da sharbar. Na kawo, na ɗaga gefen ƙyallen kusa da fuskarta. Ta ja numfashi sau biyu, sai ta ce, "Ya isa, rufe, zafi na shiga." Ta ƙara kwana biyu, ta rasu bayan la'asar. Matan Jawa da suka rage suka zo muka yi mata wanka, maza suka ɗauke ta. Kwana biyu da binne ta na ɗaga rassan zan sauya ruwa, sai ga fararen saiwoyi kamar zare a gindin biyu daga ciki. Na yi kuka ranar kamar raina zai fita, amma na kawar da kai gefe don kada hawaye ya ɗiga a ganyen.

Daga biyun nan na tayar da garwa arba'in. Yaƙi ya ƙare, jirage suka dawo kamar yadda ta faɗa. Ranar da na kai wa Ammi Dawud sharbar farko ya runtse ido ya shaƙa, ya daɗe bai buɗe ba, sannan ya ce, "Allah ya jiƙan Halima." Kasuwa ta buɗe mini fiye da da. Gidaje shida nake kai wa da hajji, har daga unguwar Shamiyya ake aiko mini. Da ganyen nan na yi wa ubanku sutura, da shi na sa shi makaranta.

Sai dai tsoro ya shige ni, kuma da tsoron na yi aiki. Ban sake yarda da iri ba. Kowane soro a Jarwal da raihaninsa na Larabawa, ƙudan zuma kuma ba a yi masa shinge. Fure na leƙowa nake tsinke shi, shekara shekara da reshe nake sabunta shukata. Wannan da sauƙi. Ɗayan ne nake jin nauyin faɗa. Wata rana na ga matar wani mai kayan miya ta sayi ɗauri a wurina ta tsayar a kofi a tagarta. Hankalina ya tashi. Na ce ni gwauruwa da ɗa, wannan kaɗai na iya, in kowa ya dasa ni ina zan sa kaina? Daga ranar duk abin da zan sayar sai na tafasa ruwa na tsoma karan har gindin ganye, in ƙirga uku in cire. Ido ba ya ganewa, ganyen na nan kore shar. Amma karan ya mutu, ba zai taɓa yin saiwa ba. Ammi Dawud ya taɓa cewa, "Hajja Rabi, na Halima yana kwana tara, naki uku yake yi." Na ce masa ruwan garin ne ya canja. Ni da aka koya wa yadda ganye zai daɗe, na koma ina rage masa kwana da hannuna. Wadda ta roƙi reshe kuwa sai in ba ta tafasasshe, in bi ta da addu'a. Shekara goma ina haka.

Sai mai benen ya sayar, aka ce za a rushe a gina masaukin alhazai, aka ba mu kwanaki mu tashi. Muka sami fili can bayan gari, wajen Ka'akiyya. Garewanin ba su ɗaukuwa, tsatsa ta cinye gindinsu, kana ɗagawa ƙasar ta zube ta bar saiwa a waje, a tsakiyar zafi kuma wannan mutuwa ce kafin azahar. Ban damu ba, abin da na saba ne. Da asubar ranar tashi na tsinko rassa arba'in masu taushi, na dashe na gaske, na tsayar a sharba huɗu. Iska mai zafi na kaɗawa ranar, ba zan fita da su a buɗaɗɗiyar mota da rana tsaka ba. Ubanku a lokacin cikakken saurayi ne, yana aiki a shagon wani mai sayar da ƙanƙara, abin da bai daɗe da yawaita a garin ba. Na ce masa ni zan bi kaya in tsare su a can, shi ya taho mini da rassan gobe da sanyin safiya. Na ce, "Ka kula mini da su, kada zafi ya kashe su." Iyakar abin da na faɗa masa ke nan, don ban taɓa koya masa komai na sana'ar ba, shi ko wani.

Da safe ya iso da akwatin katako a kafaɗa, yana murmushi. Ya ce, "Inna, ko ɗigon zafi bai taɓa su ba." Ya roƙi maigidansa aron akwatin ƙanƙara. Ya fiddo rassan daga sharba, ya wanke su tas, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya kwantar a kan dutsen ƙanƙara, har ya ƙara wani a sama. Na buɗe tsumman. Abin da Nawal ta gani jiya a leda shi na gani, sai dai ni arba'in ne. Ganyen ƙasar zafi ne, sanyi ƙona shi yake kamar wuta. Ban yi masa faɗa ba, me zan ce? Abin da na ce ya yi shi ya yi, da zuciya ɗaya. Na tsayar da karan a ruwa ko Allah zai sa, kwana uku suka narke. Na koma Jarwal tun ranar da ya kawo akwatin, na tarar leburori sun riga sun watso garewanin daga soro, suna kwance cikin ɓaraguzai a rana, sun bushe ƙarau.

Sai na shiga buga ƙofofi. Gidaje shidan nan na bi, na bi matar mai kayan miya, na bi duk wadda na taɓa ba reshe, ina tambaya ko akwai wanda ya kama a wurin wani, alhali na san amsar. Ƙarshe na je wurin Ammi Dawud. Ya tsufa, ya bar girki, idonsa ya yi hazo, yana zaune a dakalin ƙofar gida. Na gaya masa abin da ya faru. Sai ya ce, "Mun gwada, Hajja Rabi. Ni da mai ɗakina mun gwada ya fi sau ashirin, yadda Halima ta koya mana, da sharba da ƙyalle da komai. Ba ya kamawa, ruɓewa yake yi. Har na ce mata ta daina wahalar da kanta, Halima a hannun Rabi ta bar albarkar."

Ban iya gaya masa ba. Na ce Allah ya ƙara lafiya, na tashi. Bai kai hajjin baɗi ba.

Daga baya alhazai sun kawo wani irin, yanzu ga shi a kowace kasuwa cikin leda. Yana da kyau, ba na kushe shi, amma hancina ya san ba shi ba ne. Ni dai daga shekarar ban sake sayar da ganye ba, wanki na koma yi. Ganye huɗu na roƙa wa matar nan tana kan shimfiɗar mutuwa, ta hana kanta, ta ce a bar wa masu zuwa. To ga ku nan kun zo, kun cika mini ɗaki, ba ni da ko reshe ɗaya da zan miƙa muku.